Shekarar da Na Toshe wa Ruwa Hanya

Sadiku, Hadiza, da kai autana Yusufu, saboda ku na zauna rubuta wannan babin, domin na san abin da aka gaya muku game da shekarar da na bar Xiaobei, unguwar 'yan kasuwarmu a Guangzhou. An ce muku ubanku ya karye, ya rasa abin yi, har ya koma share wa Sinawa dutse. Wanda ya fara kai labarin Kano na san shi, na kuma yafe masa, don tafiyar jirgi tana da tsawo kuma ba shi da abin hira sai ni. Amma tunda gwiwoyina sun fara yi mini magana idan zan tashi daga sujada, gara ku ji daga bakina yadda abin ya kasance, har da wautar da na tafka, wadda ita ba wanda ya kai muku.

Shekara goma sha tara na yi ina tafinta a Guangzhou. Ɗan kasuwa zai sauka daga Kano ko Maradi ko gaisuwar garin bai iya ba, ni zan tarbe shi, in sama masa masauki a Dengfeng, nan cikin Xiaobei, in kai shi masana'antu a Panyu, in tsaya tsakaninsa da laoban, wato mai masana'antar. Sana'ata ita ce gyara magana. Idan baƙona ya ce kayan nan ba su da kyau, sai in ce wa laoban baƙona ya yaba, sai dai yana son a ƙara ɗinki. Idan laoban ya ce baƙon nan ya cika surutu, sai in ce wa baƙona mutumin yana jin daɗin hira da shi. A shekarun nan kaf ban tuna ranar da na isar da magana yadda aka faɗe ta ba, kuma da wannan na ciyar da ku. Daga baya waya ta koyi Sinanci. Yaran da na riƙe wa hannu suka tsallaka titi sai ga su suna ciniki da masana'anta daga shagunansu a Kantin Kwari, ba su ko taso ba. Ban talauce ba, wannan ku rubuta ku ajiye. Zama kawai na koma yi a ofis daga safe zuwa magariba a ƙarƙashin farar fitila, ina shan shayi ina ƙiba, har ranar da jiri ya kwashe ni a kan matakalar jirgin ƙasa.

Likita ya ce hawan jini ne, ya ce in dinga tafiya da ƙafa. Antinku Amina, wadda na aura bayan rasuwar mahaifiyarku Rabi, Allah ya jiƙanta, ba ta tsaya lallashi ba. Ku manya ba ku zauna da ita sosai ba, amma mace ce mai shagon kanta, wadda ta taso a gidan Musulmin arewa maso yammacin China inda ba a maimaita magana. Ta sayo mini takalmin roba, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ɓoye silifas ɗina.

"Baban Yusufu, akwai motar da ke ƙarewa a gindin wani dutse," in ji ta. "Ka hau ta. Kada ka dawo mini shago kafin azahar."

Haka na fara zuwa dutsen. Wani ƙauye ne a gindinsa wanda gari ya riga ya haɗiye, amma har yanzu kaburburan kakanninsu suna can sama, kuma hanyar ƙafa ce ta matakalun dutse take hawa ta cikin gora da itatuwa har ƙololuwa. Kullum da safe tsofaffi ne cike da ita, wani da rediyo a rataye a wuya, wata da jarkoki za ta ɗebo ruwan marmaro, wani yana tafiya da baya yana tafa hannu don wai yana gyara jini. Ranar farko matakala sittin na hau na zauna ina haki, wata tsohuwa da ta isa ta haife ni ta wuce ni tana waƙa. A nan na fara lura da wata 'yar ƙaramar mace mai malafa da rigar aiki ruwan lemo. Kullum ina tarar da ita a tsugune a wani wuri daban, tana taɓa dutse da tafin hannu, ta girgiza shi, ta cusa masa tsakuwa a ƙarƙashi, ta hau kansa ta yi tsalle sau biyu, ta wuce. Wata uku ina kallonta. Ni da na yi rayuwata ina sayar da iskar baki, sai ga mutum tana aikin da idan ta gama za a iya taka shi da ƙafa. Wallahi sha'awa ta ba ni, har da ɗan hassada.

Kowa a dutsen Lan Jie yake ce mata, ma'ana Yaya Lan, ni ma haka na kira ta duk da ba ta fi ni da shekara biyar ba. Ita ce shugabar mutum uku masu kula da hanyar, a ƙarƙashin wani ɗan kwangila da mutanen ƙauyen suka ba aikin. Da na ji ɗayansu ya koma garinsu, sai na tsaya a gabanta na ce ina son gurbinsa. Takardar zamana ta dindindin ta riga ta fito, doka ta ba ni damar yin aiki. Ta kalli fuskata, ta kalli tumbina, sannan ta kama hannuna ta juya tafin sama ta latsa shi da babban yatsa, yadda ake latsa mangwaro a kasuwa.

"Hannun laoban ne wannan," in ji ta.

"Zai koya," na ce.

"Sunanka?"

"Sani."

"Lao Sa," in ji ta, ta juya sunana irin nasu. "Wata uku na gwaji. Ƙarfe shida na safe. Idan ka makara ka zauna a gida."

Ita ta je ta tsaya mini a wurin ɗan kwangilar, wanda bai taɓa ɗaukar baƙar fata ba kuma bai ga dalilin farawa ba. Daga baya na ji cewa ya ce mata idan na ɓata wani abu, a wuyanta yake. Ta ce ta ji.

Labari ya riga ni isa Dengfeng. Akwai gidan abincin da muke zama bayan sallar Juma'a, kuma kujerar da ke kusa da taga tawa ce shekara da shekaru, ba wanda ke zama a kanta ko ba na nan. Ranar na shiga na tarar da wani baƙo a kai, ba wanda ya ce masa ya tashi. Aminina Alhaji Isuhu na Maradi, wanda tare muka zo ƙasar nan da sauran ƙuruciyarmu muna kwana ɗaki ɗaya, ya ja ni gefe.

"Alhaji Sani, mi nike ji? An ce shara kake yi bisa dutsi."

"Gyaran hanya nake yi, Alhaji."

"Bon, gyaran hanya. Da tsintsiya? Kuma an ce mace ce patron ɗinka, ita ke ba ka umurni. In wani abu ya same ka, ka hwaɗa mini, mu 'yan'uwa ne. Amma kar ka zubar muna da mutunci gaban mutanen ga."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, shi ya sa ta fi yi mini ciwo. Kai kuma Sadiku ka kira ni a makon, ka ce, "Baba, idan abin ya kai haka ka dawo gida mana, mu ba mu gaza ba." Na ce maka lafiyata ƙalau, daga nan sai gaisuwar Sallah kawai nake samu daga gare ka har shekara ta zagayo. Ban riƙe ka ba. Na dai gane cewa yanzu ba ni da wurin komawa da fuska a sake: idan aka sallame ni a ƙarshen wata ukun nan, to na tabbatar wa kowa abin da suke faɗa, na kuma kunyata matar da ta sa wuyanta saboda ni.

Da sanyi na fara, lokacin da ruwa ya ɗauke. Wata biyu ban wuce ƙasan dutsen ba, inda hanya take da siminti. Shara nake yi, da kankare gansakuka daga matakala, da ɗaukar duwatsu a kwanduna biyu rataye a sandar gora a kafaɗa. Makon farko kafaɗata ta saɓule, Amina tana shafa mini man zafi tana cewa ai ita tafiya kawai ta ce in yi. Yaya Lan ba ta koyarwa da baki. Za ta yi abu a gabanka sau ɗaya, ta miƙo maka fartanya, ta tsaya. Idan ka yi daidai ta wuce, idan ka yi kuskure ta tone ta sake miƙo maka. Tsintsiya ma sai da ta nuna mini, wai ana sharewa ne daga gefen dutse zuwa gefen kwari, ba daga sama zuwa ƙasa ba. Ranar da ta fara ganin ina neman wurin sallar azahar, sai ta ci gaba da aikinta. Washegari na tarar da wani faffaɗan dutse a ƙarƙashin gora an share shi tas, an jera tsakuwa a gefe ɗaya. Na duba waya, sai ga shi daidai alƙibla. Ta lura da inda na fuskanta jiya ne. Idan lokacin cin abinci ya yi kuwa, takan ɗauki kwanonta ta koma inda iska ba za ta kawo mini ƙamshin abin da ke ciki ba, kuma ba ta taɓa nuna cewa don ni take yi ba.

Sau ɗaya na tambaye ta yaushe za ta koya mini aikin hanyar sama, inda babu siminti, sai dutse a kan jar ƙasa.

"Idan ruwa ya zo," in ji ta. "Ba ni ke koyar da wannan ba."

Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce, na bar ta a nan.

A wata na uku mahaifiyarta ta kwanta ciwo a ƙauyensu, ta tafi na mako guda. Ta raba mana hanya, ni ta ba ni wani yanki na sama, ta ce in share ganye in duba duwatsun da ke motsi, shi ke nan. To a yankin nan, duk bayan matakala goma ko sha biyu, akwai wani rami siriri da ya ratsa hanya a karkace, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, ganye da ƙasa sun cika rabinsa. A ƙasa inda na saba aiki babu irinsa a fili. Ranar farko ina tsaye wata tsohuwa mai jarka ta sa ƙafa a ɗaya, ta yi tuntuɓe, da ƙyar ta dafe gora. Nan take zuciyata ta gaya mini abin yi. Ku kun san yadda muka taso. A unguwarmu idan rami ya buɗe a hanya, mutumin kirki shi ne wanda ya ɗebo ƙasa da ɓaraguzan bulo ya cike shi, masu wucewa suna sa masa albarka. Tun muna makarantar allo aka gaya mana akwai lada a kawar da cuta daga hanya. Na ce lallai mutanen nan aiki ya yi musu yawa ne har suka bar hanya ta tsattsage haka.

Kwana huɗu na yi ina cike su. Kuma ba cikon ganin ido ba: na jera tsakuwa, na zuba jar ƙasa, na daddaɓe da gindin diga, na shimfiɗa faffaɗan dutse a sama har ba ka gane an taɓa yin rami a wurin. Guda tara na cike. Tsofaffi suna wucewa suna ɗaga mini babban yatsa, wani har lemo ya ba ni. Na koma gida ina cika wa Amina baki cewa idan Yaya Lan ta dawo za ta san ba hannun laoban ta ɗauka ba.

Ranar da ta dawo da ruwa ta dawo. Kwana biyu kafin nan bangon gidanmu yana zufa, wanki ya ƙi bushewa, wanda duk mazaunin garin ya san alamar damina ce. Da hantsi sama ta buɗe. Ni ɗan Kano ne, na san ruwan Agusta, amma ruwan da ke sauka a kan tudu wani abu ne daban, don ba shi da wurin tsayawa. Muna rumfar kayan aiki a ƙasa, Yaya Lan ta leƙa ta ga ruwan da ke gangarowa ta matakala ja ne wur. Nan take ta ɗauki fartanya ta fara hawa, na bi ta. Tun kafin mu kai yankina muka fara cin karo da duwatsu a tsakiyar hanya. Da muka kai, babu hanya. Ruwan da ya kamata ya fice gefe sau tara ya taru ya zama rafi guda, ya bi matakala, ya shiga ƙarƙashinsu ya kwashe ƙasar. Matakala talatin da huɗu sun tashi, wasu sun kife, wasu sun gangara kwari. Ta hau can sama inda ɓarnar ta fara, ta tsuguna a cikin ruwan, ta ɗaga wani faffaɗan dutse, ta sa yatsa ta tono tsakuwar da na jera da kyau. Ta juya ta a hannu. Sannan ta ɗago ta kalle ni, ruwa yana zuba daga bakin malafarta.

"Ka iya ciko," in ji ta.

Sai a lokacin na gane cewa ramukan nan magudanai ne, da gangan aka yanka su, kuma su ne suke riƙe da hanyar. Saura kwana tara ranar share kaburbura, ranar da duk mutanen ƙauyen, har waɗanda ke wasu garuruwa, suke dawowa su hau dutsen su gaida iyayensu da suka rasu. Ba wata hanyar sai wannan.

Ruwa yana tsagaitawa ɗan kwangilar ya iso da lema da takalmin fata, yana haki yana faɗa tun daga nesa. Ya tsaya a bakin ɓarnar ya tambayi Yaya Lan yadda aka yi magudanai tara suka kasa. Ta ce ruwan ya yi ƙarfi, ƙasar kuma ta daɗe tana laushi, ita ce ba ta duba ba kafin ta tafi. Tsakuwata tana cikin tafinta a dunƙule. Laka ta rufe sauran shaida, sauran ma'aikatan biyu kuma ba su san komai ba. Abin da ake buƙata daga gare ni shi ne in yi shiru, kuma na fi kowa sanin yadda ake yi. Har na ji bakina yana shirya irin maganar da na saba, mai daɗi, wadda za ta bar laifin a wuyan sama. Amma na dubi matar nan, mahaifiyarta tana kwance, ta jiƙe sharkaf, tana ɗaukar kunyar aikin da shekara ashirin ba a taɓa kama ta da sakaci a cikinsa ba, saboda wani ƙaton Alhaji da bai iya tambaya ba. Na ji ba zan iya haɗiye wannan ba.

"Laoban, ni na cike su," na ce. "Guda tara. Na ɗauka ramuka ne. Ba ta nan, ba ta kuma sa ni ba."

Wannan ce magana ta farko da na isar da Sinanci ba tare da na yi mata kwalliya ba, kuma ta fito da sauƙi fiye da yadda na zata. Mutumin ya kalle ni kamar bai ji daidai ba, sannan ya ce in ajiye rigar aikin in tafi. Na fara cire maɓalli.

"Ba inda za shi," in ji Yaya Lan. "Wa zai ɗauko mini duwatsun daga kwari? Ya ɓata, ya gyara. Idan hanya ba ta buɗe ba kafin ranar, ka sallame mu tare."

"Kin san abin da kike faɗa?"

"Ina da mutum uku. Biyu sun san akwai magudanai don an gaya musu. Wannan ya ga abin da ke faruwa idan babu."

Ɗan kwangilar ya ce kwana takwas, ya juya ya sauka yana zamewa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwanakin nan takwas su ne mafi wuya da jikina ya taɓa gani. Dutse ɗaya na matakala sai mutum biyu, da igiya da gora, daga kwari zuwa hanya, ƙafa tana nutsewa a laka, sauro kuma ya samu biki. Sauran biyun kwana uku ba su yi mini magana ba, kuma suna da gaskiya. Amina ta bar shago a hannun ƙanwarta ta dinga kawo mana taliya da naman sa a babbar kula, kuma ina jin taliyar nan ce ta fara sasanta ni da su. A rana ta huɗu aka sake ruwa. Na nufi rumfa, Yaya Lan ta riƙe mini hannun riga. Ta kai ni tsakiyar hanya ta tsayar da ni, ta ɗebo busassun ganyen gora daga aljihu ta watsa a sama da mu.

"Bi su," in ji ta.

Na bi ganyen da ido. Suka gangaro, suka taru a wata kusurwa, suka yi ɗan jinkiri, suka karkata hagu kamar suna neman ƙofa. Ta miƙo mini fartanya. Na yanka a wurin, a karkace yadda ganyen suka nuna, nan take ruwan ya fice ya faɗa kwari, matakalar da ke ƙasa ta bayyana. Haka muka yi har sau tara muna tsaye cikin ruwa, ba ta nuna mini wuri ko ɗaya da yatsa ba. Biyu daga ciki ba a tsohon wurinsu suka faɗo ba, na dube ta, ta ɗaga kafaɗa ta ce dutsen ya canza tun lokacin da ta yanka na farko. Sai kuma ta nuna mini abin da ya kamata in yi wa tsohuwar mai jarka tun farko: a bakin kowace magudana ana kafa farin dutse don ido ya gani, ƙafa ta tsallake. Fararen duwatsun yankina na dā gansakuka ce ta rufe su, da na kankare da shi ke nan.

Da la'asar ɗin rana ta takwas muka kafa matakala ta ƙarshe. Ta hau kanta ta yi tsalle sau biyu, sannan ta sauka ta ce in hau, tunda na fi ta nauyi. Washegari muka tsaya a gefe da rigunanmu muna kallon mutanen ƙauye suna hawa, da furanni da kwandunan abinci da tsintsiyoyi, yara a gaba. A cikinsu akwai wani tsoho da jikokinsa biyu suke riƙe da shi, yana taka kowace matakala da ƙafa biyu kafin ya nufi ta gaba. Na bi shi da ido tun daga ta farko har ta talatin da huɗu, ba wadda ta motsa. Addininmu ba ɗaya ba, abin da za su yi a can sama ba nawa ba ne, amma na san mene ne mutum ya so zuwa wurin kabarin uwarsa, ni da nawa iyayen suke nesa da ni. Na juya baya na share ido da malafa. Ɗan kwangilar ya zo wucewa da nasa iyalin, ya tsaya ya dubi hanyar, ya dube ni.

"Gobe ƙarfe shida," in ji shi.

Shekara shida na yi a ƙarƙashin Yaya Lan kafin gwiwa ta sauke ta daga dutsen, kuma ni ta miƙa wa fartanyarta. Na yi hulɗa da masu masana'antu da manyan alhazai, amma idan aka ce in nuna wanda ya san aikinsa ya kuma san darajar mutum, ita zan nuna, 'yar ƙaramar matar da ba ta iya karanta takardar kwangilarta ba sai an karanta mata. Kafaɗata ta dama ba ta sake daidaita ba har yau, kujerar taga kuma ban sake samunta ba. Ban yi nadama ba ko sau ɗaya, kuma ina so ku daina jin kunya idan an tambaye ku aikin ubanku.

Alhaji Isuhu kuwa, bara ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, Allah ya sa da sauƙi. Wata safiya ina kankare gansakuka sai na hango mutum da babbar riga da sanda yana hawowa a hankali, yana tsayawa duk bayan matakala biyar. Da ya iso ya zauna a dutsen sallata yana haki.

"Lokotoro ya ce in riƙa tahiya," in ji shi, bai kalle ni ba. "An ce nan ya hi kyau."

Na ba shi ruwa, na kama masa hannu muka ci gaba. Muka iso magudana ta farko a yankina, farin dutsenta yana haske. Ya tsaya, ya zura sandarsa a ciki, ya girgiza kai.

"Kai Alhaji, dubi rami tsakiyar hanya. Ba mai tsoron Allah da zai cike shi?"

"An taɓa samun wani," na ce. "Ɗaga ƙafarka, Alhaji, ina riƙe da kai."

Ya ɗaga, ya tsallake.